Faɗuwar da ta raba ni da makaranta

Ni 'yar Kebbe ce, ɗiyar manomi. Lokacin da abin nan ya same ni ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Tambuwal, ina zaune wurin goggona. Ban fi kowa ƙoƙari ba, amma ina son makaranta ƙwarai, har ƙamshin sabon littafi daɗi yake mini. Burina in zama ungozoma, babana kuma ya amince.

Wata safiya muna tsaye a layi wurin taro na ji kaina ya juya. Sai farkawa na yi kwance a ƙasa, na ciji harshe, hijabina duk turɓaya, ɗalibai sun kewaye ni amma daga nesa. Ba wanda ya ɗaga ni. Daga baya na ji wata malama ce ta hana, ta ce farfaɗiya ce, duk wanda yawuna ya taɓa ya ɗauka. Da na koma aji, bencinmu na mutum uku ya zama nawa ni kaɗai, kofin da na sha ruwa da shi kuwa ba mai sake taɓawa. Ƙawata, wadda kullum muke raba ƙosai, ta same ni bayan aji tana kuka, ta ce innarta ta rantse in ta ƙara zama kusa da ni za ta cire ta daga makaranta. Ban ji haushinta ba. Har yau ita na fi kewa.

Da na sake faɗuwa, shugaban makaranta ya kira goggo ya ce iyaye sun kawo ƙara, gara in huta gida har in warke. Goggo ta ce, "Malam, ɗiyar nan karatu taka so. Mi ta yi?" Ya ce ai ba korata aka yi ba. Haka na koma Kebbe, aka yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe, ni kuma ina jiran ranar da za a aiko in dawo. Ba a aiko ba.

Sai bayan shekaru yayana ya kai ni asibiti a Sakkwato. Likita ya ce ciwon ba a ɗaukarsa daga wani, ya ɗora ni kan magani, faɗuwar ta yi sauƙi sosai. Amma lokacin 'yan ajinmu sun gama, ni kuma tsoron idon mutane ya hana ni komawa. Yanzu ɗinki nake yi. In aka kawo mini kayan makarantar yara nakan daɗe ina gugarsu, ba na son a zo karɓa.

Malamai da iyaye, ku tambayi likita kafin ku yanke wa yaro hukunci. In ɗalibi ya faɗi, ku tallabe kansa, ku kwantar da shi ta gefe, gobe kuma ku bar shi ya shigo aji. Ni ciwona magani ya kwantar da shi. Karatun ne ban samu mai mayar mini ba.