Fatar Gangar Baba

Shekarun baya kaɗan, ba da jimawa da fitar mahaifiyata daga takaba ba, rufin siton gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya fara yoyo. Aka ce ni ne babba, in zo in fitar da kaya kafin damina ta kankama. A Tarauni nake zaune da iyalina, kusa ne, amma rabona da shiga siton nan tun ina firamare, domin mahaifina ba ya barin makullinsa a hannun kowa.

Na janye tsohuwar katifa, na janye keken ɗinkin da ya mutu tun ban yi wayo ba, sai na tarar da wasu kaya a lungu an lulluɓe su da barguna, an ɗaure da igiya ɗauri mai kyau. Na kwance. Ganguna ne. Ba kalangu ko kotso ba, irin na Turawa, waɗanda mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu yana kaɗawa da hannu da ƙafa. Akwai babba ta ƙafa, da matsakaita, da wata ƙarama mai wayoyin ƙarfe a ƙasanta, ga faya-fayan tagulla, ga sanduna an naɗe su cikin tsohuwar riga. Jikinsu ja ne da ya koɗe ya koma kalar goro.

Ku gane mamakina. Mahaifina mutum ne na sahun gaba a masallaci, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda idan ana biki a layinmu aka saki kiɗa zai tashi ya rufe taga. Ko tafi ban taɓa jin ya yi ba.

Na ɗauki ƙaramar na fito tsakar gida. Umma tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale. Ta ɗago ta kalli gangar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe bai sayar ba."

A ranar na ji labarin da ban taɓa ji ba. Lokacin samartakarsa, Baba ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai, kuma ma'aikatan suna da 'yan kiɗansu, shi ne mai ganga. A wani shago da ke bayan gidan su Umma a Fagge suke gwaji da yamma. Ita kuma tana budurwa, sai ta ƙirƙiri shanya ta hau saman soro don ta saurara. Ta ce ta fi shekara tana jin hannunsa kafin ta ga fuskarsa. Da ya zo neman aurenta, kakana ya ce bai ƙi ba, amma ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. Baba ya ce ya bari. Kuma ya bari ɗin, har ya koma ga Allah bai sake taɓa sanda ba.

"Ni ce na raba shi da su," in ji Umma. "Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Da ya yi ma da na fi samun sauƙi."

Na kwashe gangunan na kai gidana. To, kun san halinmu. Mu in muna son girmama abu, sabunta shi muke yi. Gida a yi masa fenti, mota a fesa ta, tukunya a dirje ta har ka ga fuskarka. Ni da matata muka zauna da toka da lemon tsami da soson ƙarfe, muka kama ɗaya daga cikin faya-fayan tagullar muka dirje shi har yana ɗaukar ido. Na ma riga na yi magana da wani mai fentin mota, na zaɓi ja mai ƙyalli irin na sabuwar adaidaita. Ina ta jin kaina ɗa nagari.

Allah Ya taimake ni, abokina ya zo kafin mai fenti. Shi harkarsa tsofaffin kaya ce, rediyo, garmaho, agogon bango, yana tura wa masu tara irinsu a Legas da ƙasashen waje. Da ya ga faifan da muka dirje, sai ya zauna a hannun kujera ya dafe kai.

"Mutumina, wa ya aike ka?"

Na ce datti ne na cire.

Ya ce, "Wannan dattin shi ake saye. Ka ga nan? Tambarin kamfanin da ya ƙera shi ne a nan, ka goge shi tas. Don Allah kai da Madam ku ajiye soson nan."

Ya zagaye gangunan yana shafawa kamar mai duba ragon layya. Ya ce irin waɗannan ba a yin su yanzu, kuma abin da ya fi ba shi mamaki fatunsu na asali ne, fatar ɗan maraƙi, ba roba ba. Ya nuna mini tsakiyar ƙaramar gangar, inda wani wuri ya yi duhu ya yi santsi, ya ɗan karkata hagu. Ya ce nan ne sandar mai ita ke sauka. Na tsaya ina kallon wurin. Wato tabon hannun mahaifina ne, na lokacin da bai haife ni ba.

Abokina ya ce akwai wanda zai saya da daraja sosai, amma da sharaɗi: kar a yi fenti, kar a canja ƙusa ko ɗaya, kuma fatar nan ta isa lafiya. Ya koya mini abin da ya halatta. Tsumma mai laushi, ɗan man keke a kan tsatsa, haƙuri. Na yi makonni ina wannan aikin bayan na taso daga ofis, ina kwance ƙusa in wanke in mayar da ita raminta. Gangunan suka fito da kyau irin nasu, tsofaffi masu tsabta.

Sai na je na gaya wa Umma maganar mai saye, tunda kayan gado ne, da hakkinta da na ƙannena a ciki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ku sayar, ba komai. Amma kafin su tafi ina so in ji ƙaramar nan. Sau ɗaya."

Na kai wa abokina maganar. Ya ce wannan mai sauƙi ne, haka masu harkar ke yi: a cire tsohuwar fata a adana, a sa ta roba a kaɗa, in an gama a mayar. Muka yi hakan. Na ɗauko Umma zuwa Tarauni, domin ta ce ba za a ji ƙarar ganga daga gidan marigayi Alhaji ba, mutanen layi su samu abin faɗa. Na zauna na ɗauki sanduna, ni da ko bokiti ban taɓa kaɗawa ba, na buga.

Umma ta yamutsa fuska. "Wannan ai ƙarar jarka ce. Kuma kai kana duka ne kamar mai bugun shadda."

Matata ta shige kicin tana dariya.

Umma ta ce in ajiye sandunan in kalli hannunta. Ta fara taɓa gwiwarta da yatsu, a hankali, wani kiɗa mai ɗan jinkiri a tsakiya kamar mai ɗingishi. Ta ce da shi Baba ke buɗe gwaji kullum. Ta kai wani wuri ta tsaya. Ta sake daga farko, ta sake tsayawa a wurin.

"Daga nan yana juyawa," ta ce. "Akwai sauran, ya fi wannan daɗi. Ya ɓace mini. Na yi shekaru ina nemansa, ban kuma iya tambayar Babanku ba, da wane bakin? Amma ina ji a jikina in na ji na farkon a kan fatarsa, sauran zai dawo."

Daga ranar na zama ɗalibin Umma. Duk Asabar bayan la'asar in ɗauko ta, mu rufe falo, in janaretan maƙwabcina yana aiki mu gode wa Allah don yana rufa mana asiri. Tana gyara ni ba sassauci. "Hannun hagunka ya mutu ne?" "Kana sauri kamar an biyo ka." Wata rana ta ce, "Kai dai kakanka ka gado." Ban taɓa ganin Umma tana dariya irin ta waɗannan Asabar ɗin ba. Tsohuwa mai carbi a hannu, tana koya wa ƙato mai furfura a gemu kiɗan samarin da.

Da hannuna ya ɗan faɗa, sai maganar tsohuwar fata ta taso. Abokina ya ce kar in kuskura. Fatar ta bushe, in aka ja ta aka buga za ta iya fashewa, kuma in ta fashe mai saye ya tafi. Na kira ƙannena. Ƙarshe duk suka ce abin da Umma ke so shi za a yi. Ni kaina ba mai sayen ne ya fi damuna ba. Tabon nan nake tsoro. Shi kaɗai ne abin da nake da shi na wancan mutumin da ban sani ba.

Aka yi mini kwatancen wani tsoho mai haɗa kalangu a Darmanawa, na kai masa fatar. Ya juya ta, ya ɗaga ta a rana, ya ce, "Ɗana, ni fatar akuya na sani, wannan ban taɓa aikinta ba. Abin da muke yi wa tamu in ta bushe, a lulluɓe ta da ɗanyen tsumma ta sha sanyi, a shafa man kaɗe kaɗan a gefe, a riƙa ja a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan. Wata ta yarda, wata ta ƙi. Ba zan yi maka alkawari ba."

Haka na yi. Na mayar da ita kan gangar, kullum in ɗan murɗa ƙusoshin in bar ta. Ina lallashinta kamar jinjiri, har matata ta ce ita ba ta taɓa samun irin wannan kulawar ba. A hankali fatar ta miƙe. Ranar da na ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, ta amsa da wata murya mai kauri da ban taɓa ji ba.

Asabar ta zo. Abokina ma ya zo, ya ce in za a yi ɓarna gara a yi a gabansa. Umma ta zauna a kujera ta gyara mayafinta. Na yi bismillah na fara, ina sauke sandar a kan tabon, domin nan ne kawai muryar ke fita daidai.

Wallahi ba ƙarar da muka saba ba ce. Ɗumi gare ta. Umma ta rufe ido tun bugun farko. Na bi kiɗan yadda ta koya mini, na wuce ɗan jinkirin nan lafiya, na doshi wurin da kullum muke tsayawa. Da na isa, sai na ga yatsunta a kan gwiwa ba su tsaya ba. Sun wuce. Suna tafiya da sauri, suna wani abu da ban sani ba. Na sake zagayo na farkon don kar in katse ta, idona a kan hannunta, ina so in kama. A nan ne sandar ta sauka, na ji wani ɗan sauti kamar an yaga takarda.

Fatar ta tsage, tun daga tsakiyar tabon har gefe.

Abokina ya sunkuyar da kai. Ni na kasa ajiye sandunan. Amma Umma ba ta buɗe ido ba, yatsunta suna ta tafiya a kan gwiwa, babu ganga babu komai, har ta kai inda za ta kai ta dire da tafin hannu. Sannan ta buɗe ido, hawaye ya jiƙa mata fuska.

"Shi ne," ta ce. "Ya dawo. Na ji shi har ƙarshe."

Na ce, "Umma, nuna mini. Ko a kan tebur ne."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta yi ɗan murmushi irin wanda ban san ta da shi ba, na kunya. Ta ce, "Kai ka riƙe na farkon. Wannan ka bar mini."

Ban sake tambaya ba. Na ɗauka akwai lokaci, wata rana za ta sauko ta nuna mini da kanta. Mai saye ya janye kamar yadda aka faɗa, ƙannena ba wanda ya yi ƙorafi, abokina kuma har yau in ya shigo falona ya ga gangunan sai ya girgiza kai ya ce Allah Ya shirye ni. Fatar tana nan a tsage, ban ɗinke ba, ban canja ba. Da shekara ta zagayo Umma ta rasu, Allah Ya jiƙanta da Baba baki ɗaya.

Mutane kan tambaye ni ko na yi nadama. Ta fatar, a'a. Na adana abin da zan iya adanawa, na kashe abin da ya kamata a kashe a kan wadda ta fi kowa hakki da shi. Abin da ke damuna daban ne. Ina kewar mutum biyu da ban taɓa haɗuwa da su ba, wani saurayi a shago da wata budurwa a saman soro, alhali na yi rayuwata duka a gida ɗaya da su.

Wani lokaci in gidan ba kowa, nakan ɗauki sandunan in zauna gaban matashin kujera in kaɗa na farkon. Yanzu ba na sauri, hannun haguna ma ya farfaɗo. Ina zuwa wurin juyawar sai in tsaya, sanda a sama, ina jira, kuma duk duniya babu sauran wanda ya san abin da ke biye.