Iya Barakatu da Yaron da Ya Ƙi Magana

Iya Barakatu 'yar garin Babban Mutum ce, aure ya kawo ta Zango. Ta yi aikin unguwarzoma har sai da bayanta ya ƙi sunkuyo, sannan ta kafa kaskon awara a ƙofar sakandaren unguwarmu. Yawancin yaran da ke layi a gabanta ita ta yanke wa iyayensu cibi, kuma ba ta barin su manta.

Na san ta sosai ne bayan rasuwar ɗana Yazid. Yana aji biyar ya rasu, maganin tari mai kodin ne sanadi. Daga nan mutane suka koma kirana Malam don kada su fama mini ciwo. Iya kaɗai ta ci gaba da cewa Baban Yazid, ni kuma na fi son hakan.

Da shekara ta zagayo, iyaye da malamai muka kafa zaman ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta, ana yi wa ɗalibai magana kan shaye-shaye da kuma cikin da ke raba 'yan mata da karatu. Ni ke bayanin abin da ƙwaya ke yi wa jiki, malamar kimiyya ta ɗauki 'yan mata. Yaran suna saurara, amma ba sa tambaya, domin yaro ba ya duban sa'an ubansa ya yi masa irin wannan tambayar. Malamar ce ta lura cewa tambayoyin a bakin kaskon Iya ake yin su. Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa. Sai muka gayyato ta aji.

Ta shigo tana goge mai a zane.

"Ina angwayena? Kowa ya ɗago, in ga wanda idonsa ya yi ja."

"Iya, ai mun sake ki tuni, kin tsufa," in ji wani daga baya.

"Ka sake ni? Kai da har yau uwarka ke tashinka sallar asuba da bulala?"

Ajin ya kece da dariya. Kafin ta lafa wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko gaskiya ne ƙwayar tiramol na ƙara ƙarfin noma. Iya ta ce kakansu da fura kaɗai ya noma gonar da yanzu jikokinsa suka taru suka kasa. Sannan ta juyo gare ni ta ce in faɗa musu abin da take yi wa ƙoda. Haka muka riƙa yi, ita ta buɗe musu baki, ni in kawo bayani.

'Yan mata kuwa ƙawayenta ne. Na taɓa jiyo ta ta taga tana cewa, "Mai babur ɗin nan da ke kai ki gida kyauta kullum, a rijiya yake ɗebo fetur?" Bayan shewa sai murya ta yi ƙasa, ta shiga amsa musu abin da ba za su tambayi iyayensu mata ba.

Ana cikin haka aka kama Zakiyyu, ɗan aji shida, da maganin tari a kwalbar lemo. Maraya ne, mai ƙoƙari a lissafi, ga surutu. Shugaban makaranta ya ce zaɓi biyu ne: ko ya faɗi gaskiya ya yarda a kai shi asibiti, ko a kore shi kafin jarrabawar ƙarshe. Ba mu damu ba, tunda muna da Iya. Muka zaunar da shi a layin gaba, daidai ƙafarta.

Yaron nan ya zama kurma. Ya sunkuyar da kai, Laraba ta zo ta wuce, wata ta biyo, ko tari bai yi ba. Muka ce taurin kai ne. Shugaban makaranta ya fara maganar kora. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Iya tana tsokanar kowa, shi kuwa sai ta tsallake shi. Na same ta a bakin kasko na tambaye ta.

Ta ajiye matsamin awara ta dube ni.

"Baban Yazid, ɗan ƙanina ne fa. Ubansa shi ne autan gidanmu. Ni gwaggonsa ce, uwa nake a wurinsa. Da wane bakin zan yi masa wasa?"

"Iya, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na zaci kun sani. Na ce so kuke ya ji kunyata ya daina."

Mun ga furfura mun ɗauka kakar kowa ce. Yaron da ya fi kowa buƙatar ya yi magana, shi muka ajiye gaban wadda ba zai iya buɗe baki a gabanta ba. Sai Iya ta tafa hannu.

"To ai da sauƙi. Ɗana Maharazu taubashinsa ne."

Ɗan gwaggo abokin wasa ne, ko da ya girme ka nesa. Maharazu bakanike ne a tasha, magidanci mai gemu. Ranar Laraba ya shigo ajin da kayan aikinsa baƙi ƙirin, Iya kuwa ta fice ta koma kaskonta, ta juya wa makarantar baya.

"Ina bawan nan nawa?" in ji Maharazu.

Zakiyyu ya ɗago. "Ɗan mace ne bawa, kowa ya sani."

"Ubangidan da ke gyangyaɗi a aji? An ce maganin tari kake sha, ba ka tari. Ko jakin gidanku ne ba shi da lafiya kake ɗanɗana masa?"

"Kai dai je ka yi wanka tukuna."

Suna wannan cacar suka fita gindin darbejiya, suka daɗe. Daga baya Maharazu ya gaya mana abin da ya kamata mu sani kawai: tun lokacin cirar gyaɗa yaron ya fara, ya gwada dainawa jikinsa ya hana shi, kuma tsoronsa kada mahaifiyarsa ta ji daga bakin wani. Tare suka je suka faɗa mata. Washegari ya goya shi a babur zuwa asibiti a Daura, shugaban makaranta ya janye maganar kora.

Ba a sha da sauƙi ba. Zakiyyu ya rame, kuma ya taɓa komawa shan maganin, amma da bakinsa ya je tasha ya faɗa wa Maharazu. Ya zauna jarrabawarsa tare da 'yan ajinsu.

Ranar da suka gama ina wurin. Ya zo bakin kasko ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da gwaggonsa. Ba ta dube shi ba, ta ce Allah Ya yi albarka, ta cika masa takarda da awara har tana zuba. Kafin ya kai baki Maharazu ya warce daga bayansa ya ruga.

"Gwaggo, kin ga bawan nan ko?" in ji Zakiyyu.

"Ni ban ga komai ba," in ji Iya, tana dariya tana ƙara zuba wata a mai.