Rabon Balawi a Gonar Kakanmu

Ina jin ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ranar da aka raba gonar kakanmu a bakin mayo, wato kogi, bayan garin Mubi, ba za ta fita daga raina ba.

Mahaifina mai bishara ne. Tun ina ƙarami coci ke tura shi ƙauye zuwa ƙauye, daga wajen Uba har Belel, kuma duk inda muka je a gidan coci muke zama. Har yau ina kewar ƙamshin sabuwar dawa da mata ke kawowa ranar godiyar kaka, suna juyewa a gaban bagade suna waƙa. A irin ranar Baba yakan yi wa'azi a kan Lawiyawa, kabilar da aka keɓe cikin Isra'ilawan dā domin hidimar ɗakin sujada. Yakan ce da aka raba ƙasa kowace kabila ta samu nata, su kaɗai ba a ba su ba, domin Allah ne rabonsu, daga zakkar 'yan'uwansu suke ci. Har lumshe ido yake yi in yana faɗa.

Shekarar da na gama jami'a kakanmu ya rasu. Baba kuma ya kusa ritaya, ke nan za mu bar gidan coci, alhali ba mu da ko ɗaki ɗaya namu. Duk begen Mama yana kan wannan gona.

A wajenmu da reshen cini-da-zugu ake yin iyaka. In aka kafa shi ya yi saiwa, magana ta ƙare, ba mai matsar da shi. Ranar rabon da safe baffannina suka taru da rassan a hannu. Babbansu dattijon coci ne, ƙaraminsu kuma Musulmi ne mai sayar da shanu; danginmu haka yake a gauraye. Aka yi ta kafawa, ban ji an kira Baba ba. Sai Baffa babba ya juyo ya ce, "Pasto, kai dai rufe mana da addu'a. Balawi ba shi da gona, a bakinka muka ji."

Aka yi dariya. Har yanzu ban tabbata ko wasa yake yi ba, kuma ba na so in zarge shi. Baba ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Yaya. Abin da na faɗa a coci ba zan janye shi a gona ba."

Mama ta mintsine ni. "Kai, me muka tura ka makaranta ka yi? Buɗe baki!"

Ni kuwa magana a gaban manya tsoro take ba ni. Na durƙusa na ce, "Baffa, a yi mini afuwa, ƙila ban fahimta daidai ba. Gaskiya ne ba a ba Lawiyawa gona ba. Amma kamar ba a bar su a fili ba. Kowace kabila ta ciro garuruwa daga nata rabon ta ba su su zauna, har da makiyaya a kewaye saboda dabbobinsu. Watakila dai."

"Watakila ko tabbas?"

"Tabbas, Baffa. Ina ganin haka."

Sai Baffa ƙarami ya miƙe yana kaɗe riga. "Ni ban san wani Lawi ba," in ji shi, "amma limaminmu ma ba a gindin bishiya yake kwana ba." Ya tuge reshen da ya kafa ɗazu, ya ja da baya cikin nasa rabon, ya sake kafawa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe Baffa babba ya tuge nasa yana gunaguni, ya matsa fiye da kowa. "Ina raye mai shanu ba zai fi ni lada ba," in ji shi.

Fili ya buɗe a tsakiya. Amma Baba bai motsa ba. "Yaya, wannan gona ce?"

"Ba gona ba ce, Pasto. Wurin kwana ne da na ɗaure awaki."

"To, in haka ne, na gode."

A nan ya gina ɗakuna biyu, a nan ya tsufa. Bai taɓa shuka ko ƙwayar dawa a filin ba. Mama takan yi kuɓewarta a bayan ɗaki, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Yau dukansu sun riga mu gidan gaskiya, har baffannin.

Ban sani ba ko daidai ne a kwatanta mai bishara na yau da Balawi. Masana sun fi ni sani. Abin da na koya dai shi ne, duk jama'ar da ta ce wa mutum Allah ne rabonka, ba ta sallame shi ba ne. Kanta ta ɗora wa nauyi, kuma sai kowa ya ja iyakarsa baya kafin maganar ta zama gaskiya.