Minti Goman Mai Agogo

Mai Agogo ake ce masa a layin, har yayarsa da suke ciki ɗaya haka take kiransa. Rumfarsa 'yar mitsitsiya ce a jikin shagon wani tela: tebur mai gilashi, kujera ƙwaya ɗaya, da tabarau na ido guda da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo. Shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye, sai ya tashi yana jan ta. Sau biyu ya nemi aure. Ta farko ta yi masa dariya, ta biyu ta yi kuka, amma amsar duk ɗaya ce. Daga nan ya sa wa ransa cewa mace ba za ta dube shi ba sai da dalili, dalilin kuwa a aljihu yake.

Ba zan wanke shi ba. Duk Talata da yamma yakan rufe rumfa ya ce za shi sayo kayan gyara, sai ya zaga ta bayan tasha zuwa wani gidan haya na mata masu zaman kansu. Ɗaki na uku, wajen wadda ake kira Doguwa. Shekara shida, ita kaɗai. Ya san ba daidai yake yi ba, don in ya dawo sai ya kwana biyu bai haɗa ido da yayarsa ba. Amma Talata na zagayowa, ƙafar nan da ba ta son tafiya ita ke shiga gaba.

Ƙa'idar Doguwa awa ɗaya ce, alƙalinta kuwa wani tsohon agogon tebur, irin wanda ake murɗa wa maɓalli a baya. Ƙarƙashinsa yake ajiye kuɗin, bai taɓa iya miƙa mata a hannu ba. Rabin awar ma hira ke cinye ta, tana shafa masa man zafi a ƙafar tana yi masa tsiyar furfura. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: in babu abin da ke ƙarƙashin agogon, za ta buɗe masa ƙofa? Tsoron amsar ya hana shi tambaya.

Sai ya koma sata irin ta masu sana'arsa. Da ta fita ɗebo masa ruwa, sai ya yi wuf ya mayar da hannun agogon baya da minti goma. In zai tafi kuma, tana ɗaura ɗankwali, ya saita shi daidai, don zuciyarsa ba ta yarda ya bar agogo yana ƙarya.

Wata Litinin da hantsi, yana ɗago kai sai ga Doguwa a bakin rumfarsa, lulluɓe da mayafi, agogon a hannunta. Tela ya tsayar da kekensa, ya yi gyaran murya ya ce, “Yau kuma manyan baƙi muka yi a layin.” Telan nan fa, sau biyu Mai Agogo yana ganinsa yana fitowa daga ɗaki na biyar a gidan su Doguwa. Irinsu ne suka fi kowa ɗaga murya.

Mai Agogo bai gaishe ta ba. Ya sunkuyar da kai ya yago 'yar takarda ya rubuta lamba, kamar yadda yake yi wa kowa.

“Malama, ajiye shi. Ki dawo jibi.”

Ta dubi takardar, ta dube shi.

“To, Malam. Nawa ne?”

Ya faɗa. Ta ɗaga agogon ta sa kuɗin a ƙarƙashinsa, ta juya ta tafi.

Ranar bai iya cin abinci ba. Shi da ya shekara shida yana so a ɗauke shi mutum, ga shi sau ɗaya ta zo inda yake da rana tsaka, ya mayar da ita lamba. Da ya buɗe agogon sai kunyar ta ƙaru: 'yar ƙusar da ke juya hannu ce ta cinye har ta karye ta faɗa cikin injin. Ba sai an gaya masa wanda ya cinye ta ba. Talata ta zo ta wuce, bai je ko'ina ba.

Ran Laraba ta dawo. Tela ya sake tsayar da keke. Mai Agogo ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, ya jawo kujerar nan tasa ɗaya tilo ya fito da ita waje, ya goge ta da hannun rigarsa.

“Sannu da zuwa, Doguwa. Zauna.” Ya juya wajen tela. “Na san ta. Shekara shida. Mutuniyar kirki ce, ta fi ni.”

Tela ya ga babu riba, ya koma kan ɗinkinsa.

Ba ta zauna nan take ba, sai da ta bar shi ya ɗan sha tsayuwa. Ya miƙa mata agogon da kuɗinta, a hannu.

“Ni na lalata shi,” ya ce. “Duk zuwan da na yi, in kin fita ɗebo ruwa...”

“Minti goma,” ta ce.

Ya ɗago kai ya dube ta.

“Kai dai wallahi. Kana tsammanin ba ni da agogo a wayata? Randar fa a bakin ƙofa take. Me kake zaton yake tsayar da ni a waje, in ba jira nake ka gama murɗe-murɗenka ba?”

Ya cire tabaraun daga goshinsa ya shiga goge shi, alhali babu abin da ya same shi. Ita kuwa ta gyara zama a kujerar, ta tambaye shi yaya ƙafar.