Hoton Kan Yaya Salisu

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Salisu, kuma bana ne ɗansa Nura ya fara jin muryoyin da mu ba ma ji. Shi ya sa waiwayen nawa ba na kewa kaɗai ba ne. Ina so Nura ya zauna a kan maganinsa, abin da ubansa bai samu yi ba.

Yaya makanikin injinan ban ruwa ne a Jiratawa. Mutum ne da ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. Ya taɓa kwance agogon bangon gidanmu yana aiki lafiya lau, wai yana son ya ga abin da ke sa shi ƙara. Ciwon ya same shi a shekarun da jam'iyyu suka ɓarke, motoci na yawo da lasifika a Sabon Gari, ma'aikata yau aiki gobe yaji. Yakan ce mutanen cikin kansa sun fi 'yan siyasa surutu, ga shi ba su raba ko goro.

A likita, wato asibiti, aka ba shi wata 'yar ƙwaya, muryoyin suka lafa. Wani sai ya gode wa Allah ya yi shiru. Yaya kuwa sai ya ɗora ta a tafin hannu yana juyawa. "Ke Hadiza," ya ce mini, "wane irin aljani na ka tsoron abu kamar ƙwarar gero?"

Iyarmu 'yar Tibiri ce, daga gidan da ake girkar bori. A wurinta iskoki ba a toshe musu baki, lallashinsu ake yi, kuma tana tsoron ranar da za su huce haushin ƙwayar nan a kan ɗanta. Don ya kashe gardamar, Yaya ya hau mota ya zo Maraɗi, ya nace sai da aka yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, na kansa. Shi a tunaninsa ciwo kamar lalacewar inji ne, in an haska za a gani.

Ya dawo da hoton, wata baƙar leda, muka ɗaga ta a rana a tsakar gida. Ƙoƙon kai ne sumul, da haƙora. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ka gani, Salisu. Na'urar Nasara ma ta ce ba ciwo. Mi za ka sha ma magani?" Daga ranar ya ajiye ƙwayar. Hoton da ya nema don ya kare ƙwayarsa shi ya raba shi da ita. Muryoyin suka dawo, ya fara fita ba sallama, da damina aka tsince shi a gulbi. Ban taɓa riƙe Iya a zuciya ba, don da soyayya ta yi, kuma ta bi shi da kukan har kabarinta.

Da na kai Nura likita na ba likitar wannan labari. Ta ce radiyo ƙashi yake gani, ba aikin ƙwaƙwalwa ba. Amma yanzu, in ji ta, a wasu ƙasashe akwai na'urorin da ke auna sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, mutum na kwance da ransa. An ga cewa a masu irin wannan ciwo da yawa, wani sinadari mai suna dofamin yana yin yawa a wani sashe, ƙwayar kuma rage ƙarfinsa take yi. Ta ƙara da cewa ba kowa aka samu haka ba, kuma har yanzu bincike ne, ba a gane ciwon mutum ɗaya da hoton.

Tun ranar nake tunanin abin da Yaya zai yi da wannan labari. Murna zai yi, na sani, amma ba za ta daɗe ba. Zai tambayi me ya sa sinadarin ke yawa, da me ya sa nasa muryoyin Hausa suke yi har da zagin Katsinawa. Ƙarshenta sai an tsare shi kada ya kwance musu na'ura.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne wannan naci na son sanin dalili, kuma yana nan a bakin ɗansa. Nura na kabu-kabu da babur, kullum yakan biyo ta gidana da safe ya sha maganinsa a gabana, shi ya zaɓi haka. Shekaranjiya ya tsaya da ƙwayar a hannu.

"Gwaggo, da Baba ya ci gaba da sha, da yanzu shina nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Nura. Amma kai kana nan. Ungo ruwa."