Kawu Mai Wanki da Tururuwarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Kawu mai wanki, ƙanen mahaifiyata, bayan jinyar kwana tara. Na daɗe ina juya alƙalami kafin in fara, domin kunyarka nake ji, Kawu, har yanzu da ba ka nan.

Shekara arba'in kana wanki da guga a ƙarshen layinmu, igiya shida daga katanga zuwa katanga, amma ba a taɓa jin ruwa ya daki kayan mutane a hannunka ba. Rana tsaka, gari wasai, sai a ga kana kwashe shanya kana cewa kowa ya yi ta kansa. Tela ya shigar da kekensa, mai shayi ya ja tebur ƙarƙashin rumfa. In an tambaye ka, sai ka nuna tururuwa a gindin katanga, ta yi layi tana kai ƙwanta tudu. Wata rana ka ce tsattsewa ta sauko ƙasa-ƙasa, ko gishirin Inna, matarka, ya yi danshi a kwano. Ba ka taɓa cewa ka san gaibu ba. Cewa kake yi Allah ya sanar da ƙananan halittunsa, kai satar amsa kawai kake yi.

Da wankin nan ka riƙe ni har na gama makaranta. Rigar da na saka ranar da na fara aiki a gidan rediyo, sau biyu ka goge ta.

Bara waccan na zo maka da littafi, na ce ina son alamomin ruwa don shirina. Ka ajiye dutsen guga, ka kifa baho ka zauna, ka jero mini su ɗaya bayan ɗaya. Ban gaya maka cewa shirin a kan camfe-camfen da ya kamata a bari yake ba. Ranar shirin, ni da baƙon da na gayyato muka yi ta dariya, har muryarka na kwaikwaya. Sai daga baya Inna ta faɗa mini ka sayi sabon batir, ka shimfiɗa tabarma, ka tara 'yan layi su zo su ji ɗanka zai ambace ka.

Na je gaishe ka ina jiran faɗa. Kana guga, ba ka ɗago ba, ka ce, "Muryarka ta fita ras. Amma ka manta da kwaɗi."

Daga ranar ba ka ƙara ce wa kowa ruwa na zuwa ba, shanyarka kawai kake kwashewa shiru. Na lura, kuma na san dalili. Sau nawa na taho da niyyar ba ka haƙuri, in ƙare da tambayar ciwon gwiwarka, in tashi. Girman kai ne, ba ni da wani sunan da zan sa masa.

Jiya muna karɓar gaisuwa a tsakar gida, na hango tururuwa a gindin katangarka ɗauke da ƙwai. Sama babu ko gajimare. Na tashi na fara naɗe tabarmi. Tela ya tambaye ni ko a gidan rediyo aka faɗa. Na ce, "A'a, Kawu ne ya koya mini." Ban taɓa faɗar haka kana ji ba. Kafin la'asar ruwa ya sauko a kan layinmu, da kan kabarinka.

Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya wanke ka tas daga zunubi, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Inna da 'ya'yanka da mahaifiyata ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma ya yafe mini haƙƙinka da na ɗauka. Na ɗauko littafin nan, Kawu, na ƙara kwaɗi.