Karen da Na Koya wa Gaggawa

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya ɗaure ciki, council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe laburaren unguwarmu a Manchester, inda nake shara. Ni da ban wuce aji uku ba, na fi duk masu digiri daɗewa a cikin littattafai, amma wannan bai hana a sallame mu rana ɗaya ba.

Zaman gida ya ishe ni, sai na tuna cewa ni jikan maharba ne daga ƙasar Bauci. Na je gidan da ake ajiye karnukan da masu su suka gaza, na ɗauko wani babba mai dogayen kunnuwa. Baturiyar wurin ta ce karen farautar tsuntsaye ne, ta yi ta bayani da Turanci, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Matata ta dube mu a bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, marasa aiki sun zama biyu ke nan?"

"Wannan nama zai kawo miki."

"To, in Kirsimeti ya zo ban ga nama ba, ka mai da shi inda ka ɗauko shi."

Na san ba wasa take ba. Ni kuwa kafin mako ya zagayo na riga na saba da shi, don shi kaɗai ne a gidan ke sauraron labarina har ƙarshe.

Muka fara horo a filin shaƙatawa kusa da Fallowfield. Nan na ga abin takaici. Da ya hango tantabaru sai ya sandare, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya miƙe bindi, ya ƙura musu ido kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. A garinmu kare irin wannan ko ƙashi ba a jefa masa. Na ce wato tsoro ne, Turawa sun lalata shi da biskit.

Na ɗaura ɗamarar gyara shi. Da ya sandare sai in ruga ni da kaina, ina ihu, in tarwatsa tantabarun don ya ga yadda ake yi. Ɗalibai 'yan gida da ke jiran bas suka riƙa gaishe ni, "Baba, sannu da exercise!" GP, wato likitana, shi ma ya yaba da yadda hawan jinina ya sauka. A hankali kare ya gane. In ya ruga in ba shi guntun kilishi, in ya tsaya in hana. Kafin sanyi ya kankama, ko leda iska ta ɗaga sai ya kai mata hari.

Ƙanen matata, direban tasi ne a Lozells ta Birmingham, ya san wani tsohon Bature mai gona a bayan gari, wanda abokansa ke zuwa harbin fakara. Ya roƙa mana aka ce mu zo.

A mota ya ce, "Yaya, ka tabbata karen nan ya iya?"

"Kai dai ja tasi. Farauta gadonmu ce."

Muka shiga gona, masu bindiga ba su ko gama shiri ba na saki igiya. Kare ya tafi kamar kibiya. Duk wata fakara da ke gonar ta tashi lokaci ɗaya, ta haye gonar maƙwabci. Ba a yi harbi ko ɗaya ba. Na juyo ina murmushi, ina jiran yabo.

Tsohon ya duƙa ya shafa kan karen, ya yi magana a hankali. Surukina ya fassara mini, har da ƙarin gishiri: "Ya ce wane maƙiyin Allah ne ya ɓata karen nan? Irinsu tsayawa suke yi su nuna inda tsuntsu ya ɓuya, har maharbi ya matso. Tsayuwar ita ce aikin. Mai shi na farko ya sha wahala kafin ya koya masa."

Na ce, "Gaya masa haka na same shi."

"Na riga na gaya masa kai ne, Yaya."

Nama dai babu, Kirsimeti kuma ya matso. Tsohon ya ce in bar masa karen ya sake horar da shi, maimakon a mai da shi keji. Na miƙa igiyar ina kallon wani wuri. Sannan ya ce ya lura ina da ƙafa da murya, kuma yana neman masu bin ciyawa da sanda suna tayar da tsuntsaye ranar Asabar.

Haka na yi damuna da rani ina bin motar safe zuwa Birmingham. Kare yana tsaye a gaba, ƙafa ɗaya a sama, kamar babban jami'i. Sai ya nuna wuri, sannan a ce da ni, "To, shiga."